Kwana Biyun da Inna Ta Kira Sunana

Ranar addu'ar uku, bayan maza sun shafa fatiha a ƙofar gida, na shiga ciki in yi wa mata ban gajiya. Gidan Inna yana wani ƙauye gabas da Kiyawa, gidan ƙasa ne mai zaure ɗaya, duk abin da ake faɗa a tsakar gida mai shigowa yana jin sa tun kafin a gan shi. Ina cikin zauren na ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah ya ji ƙanta, ai ta huta. Mutum in gigin tsufa ya kama shi, tafiyar ta fi masa zaman."

Wata ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, "Ke dai bari. An ce a Dutse har sunan ɗanta na fari ta riƙa kira, a gaban surukarta."

"Subhanallahi! Ita ɗin?"

"Ita fa. Hankalin ne ya gushe."

Na yi sallama, suka yi tsit, kowa ta gyara mayafi. Suka shiga yi mini ya haƙuri, ina amsawa da mun gode Allah. Ni ne ɗan farin da suke magana a kai, na kusa shekara sittin a duniya, amma a tsakar gidan nan na tsaya kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Ba duka masu ta'aziyya ne suka zo da wannan zancen ba. Matan ruga masu tallan nono sun zo su huɗu, suka zauna gefe guda suna sharar ƙwalla. 'Yan acaɓan da ke bin hanyar Kiyawa sun tsaya ɗaya bayan ɗaya, wani daga cikinsu ya nuna randar da ke bakin zaure ya ce da ni, "Baba, shekara nawa muna shan ruwan nan, ba mu taɓa tarar da ita a bushe ba." Ƙanen Inna, wato Kawu, yana ta maimaita wa kowa cewa ta cika da kalmar shahada a bakinta, kuma gaskiya ya faɗa. Amma zancen tsofaffin nan biyu ne ya biyo ni har Dutse, ya hana ni sakat.

Abu biyu ya sa na ɗauki alƙalami. Na farko, Inna ba ta yi gigin tsufa ba, kuma ba zan bari a rufe shekarunta tamanin da wannan kalmar ba. Na biyu, a cikin abin da ya same ta akwai laifina, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai ita.

A wajenmu uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Matan yanzu sun saki wannan alkunyar, wata ma a bainar jama'a take kiran ɗan farinta da sunan shagwaɓa, amma Inna ta riƙe abin da hannu biyu har ƙarshe. Ranar da aka yaye ni aka ɗauke ni aka kai wa Kaka, mahaifiyar Baba, a wani ƙauyen, a can na girma. Ina zuwa gida da salla, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya.

Sunana kuwa irin sunan nan ne da in ka kira shi a kasuwar Kiyawa mutum goma za su waiwayo. Wannan ya ba ta aiki. Mahaucin ƙauyen sunanmu ɗaya, ladanin masallaci sunanmu ɗaya, haka ɗan maƙwabcinta. Duk ta mai da su mai suna. Mai suna na nama, mai suna na masallaci, mai suna ƙarami. Ni da kaina na sha sunaye a bakinta. Ina yaro ni ne na wajen Kaka. Da na shiga makarantar kwana na zama ɗan boko. Tun da na kama aikin gwamnati na gina ɗan gidana a unguwar Takur da ke Dutse na zama mutumin Takur, kuma a haka na tsaya.

Ba ta yi mini magana kai tsaye. In na je sai ta dubi ƙanwata Auta ta ce, "A ce wa mutumin Takur furarsa za ta tsinke." Ni kuwa ina zaune tazarar taku uku. In Auta ba ta nan sai ta gaya wa duk wanda ke kusa. In ba kowa, bango take gaya wa, ko akuya. Na taɓa jin ta da kunnena tana ce wa wata jar akuyarta, "Ke kuma kin tsaya kina kallon baƙo, ba za ki ce masa hadari ya taso ya kama hanya ba?" Na yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Mace ce marar yawan magana ko da sauran mutane. In ka kawo mata ƙorafi mai tsawo za ta saurare ka har ka gaji, sannan ta ce, "An ji." Ba ƙari. In mace ta shigo da kururuwa don kaza ta ɓata ko miji ya yi faɗa, tambayarta ɗaya ce, "Ba a mutu ba dai?" In an ce ba a mutu ba sai ta ce to a zauna a sha ruwa. Daddawa take yi ta sayarwa, tana kiwon awakinta, kuma kullum kafin rana ta ɗaga ta cika randar bakin zaure don masu wucewa. Da ƙarfinta ya ragu aka ce ta bari, ta ce hanya ba ta daina ƙishirwa ba, ta ci gaba da ɗebowa da ƙaramin bokiti sawu-sawu.

Sau ɗaya na yi fushi da ita, fushi na gaske. Ina da shekara talatin da wani abu babur ya kayar da ni a hanyar Yalwawa, na karye a cinya, aka kwantar da ni a asibiti. Kowa ya zo, har abokan Baba da ban san su ba. Inna ta zo Dutse, amma ba ta shigo ɗakin da nake ba. Auta ta leƙo ta ce, "Yaya, Inna ta ce ya mai jiki." Shi ke nan. Na juya fuska bango, na ce a zuciyata wannan ba kunya ba ce, rashin so ne. Bayan na warke na yi wata bakwai ban taka ƙauye ba, ita ma ba ta aiko a tambayi dalili ba. Sai daga baya mai gadin asibitin, wanda muka saba da shi, ya tambaye ni lafiyar tsohuwar nan da ta yi kwana tara tana wuni a gindin darbejiya, tana tsayar da duk mai farin kaya tana tambayarsa ko na cikin ɗakin can ya ci abinci. Na koma ƙauye ranar Juma'ar da ta biyo baya. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon turmi, ba wanda ya tayar da zancen.

Akwai kuma maganar yaji. Tun da muka yi haihuwar fari, duk wata sai ta aiko da kwalbar yajin daddawa, saƙon kuma bai taɓa canzawa ba: a kai wa yara. Lokacin da ta fara, babban ɗana bai ma fara haƙori ba. Matata takan ajiye kwalbar gefen kwanona ta ce, "Ga na yara nan, Baban yara."

Duk da haka, in faɗi gaskiya, abin bai taɓa isata ba. Ina jin yadda take kiran Auta da sunanta, ta ja shi, ta yi mata faɗa da shi, sai in ji ina kishi. Na san al'ada ce. Na san ba ni kaɗai ba ne. Amma na yi furfura ina son in ji yadda sunana zai fito a muryarta, kuma ina jin kunyar wannan son.

A bazarar da ta wuce yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane awakinta sai da kuka. Aka ce sai an yi aiki a Dutse, kuma bayan aikin sai ta zauna kusa don ɗiga magani da komawa wurin likita. Auta tana aure a Yalwawa, nan cikin Dutse, amma Inna ta ce ko gawarta ba za ta kwana gidan suruki ba. Saura gidana, wanda ba ta taɓa kwana a ciki ba. Aka yi aikin ranar Litinin, aka rufe idon da auduga da filasta, ɗayan idon kuwa dama gani yake dishi-dishi. Muka ba ta ɗakin baƙi.

Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne banɗaki. A gidana sai ka ratsa ta falo kafin ka kai shi, falon kuwa nan nake wuni, na ɗauki hutu don in kula da ita. Inna ba za ta wuce ta gaban ɗanta na fari da buta a hannu ba. Ba ta ce wa kowa komai ba, sai kawai ta rage shan ruwa, a cikin zafin nan na Dutse da duwatsu ke mayar wa gari da wuta. In matata ta kai mata kofi ta dawo ta tarar da shi cike, sai Inna ta ce, "An sha." Ga tari ya dame ta, ba ta samun barci a baƙon ɗaki, muka sayo mata maganin mura mai sa barci a kemis, muna ganin taimako muka yi.

Ranar Alhamis bayan la'asar matata ta kira ni. Na tarar da Inna zaune tana tsintar wani abu a kan zanin gado, abin da babu shi. Ta ce kaji sun shigo sun barbaza mata gero. Matata ta matso za ta gyara mata filo, Inna ta fizge ta ce, "Wace ce wannan? Ita ce ta kwance mini awaki, ku riƙe ta!" Matar da suka shekara talatin ba a taɓa jin kansu ba. Sai kuma ta miƙa wuya wajen ƙofa, ta ɗaga murya, ta kira sunana.

Ta kira shi cikakke, ta ja ƙarshensa, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa da gida. Matata ta dafe baki ta fita. Ni kuwa na zauna a bakin gadon. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta dube ni da idon nan guda, kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, don Allah ka ga ɗana a hanya?" Ta sake faɗar sunan. "Yanzun nan suka tafi da shi gidan kakarsa. Na ce su bari rana ta yi sanyi, sun ƙi."

Na gane ba ta san ni ba. Dattijo take gani mai furfura, ita kuwa yaro ɗan shekara biyu take nema. Na ce, "Na gan shi, Hajiya. Yana nan lafiya."

"Ya ci abinci?"

"Ya ci."

"Ba ya cin tuwo sai da ɗan yaji. Ka gaya musu."

Da safen Juma'a ta farka garau. Tana jin muryata ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce wa bango a tambayi mutumin Takur yaushe za a mai da ita gida. Kawu ya iso da hantsi, muka ba shi labari, ya girgiza kai ya ce, "Gigin tsufa ne. Haka mahaifiyarmu ta yi. Wannan ba shi da allura, sai haƙuri. A kira malam ya yi mata tofi." Da ya ji har sunana ta kira, sai ya ce to ai magana ta ƙare, wanda ya san Yaya ya san da hankalinta ba za ta yi ba.

Matata ta ja ni kicin. Ta ce, "Baban yara, ran Talata matar nan ta lissafa mini jikokinta kaf, har da wanda aka haifa da damina da wanda aka haifa da rani. Tsufa ba ya faɗo wa mutum tsakanin azahar da la'asar. Jikinta da zafi, ga shi tun jiya ban ga ta fita bayi ba. Mu kai ta asibiti."

Na san gaskiya ta faɗa. Ni ba jahili ba ne, na ga bambancin da idona. Mota tana ƙofar gida, asibiti bai kai tafiyar minti goma ba. Na ce, "Ba ki ga ta warware ba? Bari mu ga gobe."

Ba goben nake jira ba, la'asar nake jira. Ina zaune a falo ina duban agogo kamar mai jiran baƙo. Da rana ta karkata abin ya dawo, na shiga na ja kujera. Ta ce, "Malam, ka dawo?" Ta ba ni labarin ɗanta. Ta ce yana da tabo a diddige, kaikayin dawa ne ya sa ya sosa har ya yi miki. Ta ce da wuri ya yi magana, kalmarsa ta farko ruwa ce. Ta ce ranar da aka tafi da shi an gargaɗe ta kada ta zubar da mutuncin gidansu da kuka, sai ta zagaya bayan rumbu ta cusa zani a baki. Tana yi tana saka sunan a tsakiyar magana, sau biyu, sau uku, kamar ba komai ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka daɗi take ji. Tsakanin labari da labari firgita take. Ta ga wuta tana cin labule, ta ga maciji a ƙarƙashin kujerata, ta yi ta roƙon a buɗe mata ƙofa ta je ta ɗauko ɗanta. Leɓenta ya bushe ya tsage. Tana cikin azaba, ni kuma ina zaune ina tattara abin da ke zubowa daga bakinta. Ranar Asabar matata ta sake magana, har da hawaye, na sake cewa gobe.

Da yammar Asabar ɗin ba ta kira kowa ba. Ta kwanta shiru, ido rabi a buɗe, in an yi mata magana sai ta ɗan motsa baki. Kawu ya ce alhamdu lillahi tofi ya kama, ta samu natsuwa. Ni kuwa na san ba natsuwa ba ce. Da asubar Lahadi muka ɗauke ta kamar ƙaramar yarinya muka sa a mota.

Likitar da ta karɓe mu 'yar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta sa aka ɗaura ƙarin ruwa, aka ɗebi jini da fitsari, sannan ta tsare ni da tambayoyi. Yaushe abin ya fara? A hankali ya zo ko farat ɗaya? Yana tafiya yana dawowa? Wane magani take sha? Tana shan ruwa? Da na ce tun Alhamis, ta ɗago kai ta dube ni, ta ci gaba da rubutu.

Da sakamako ya fito ta tara mu, ni da matata da Kawu da Auta. Kawu ya fara da cewa ai gigin tsufa ne. Ta ce, "A'a, Baba. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni, shekara da shekaru, mutum ya fara da mantuwa kaɗan-kaɗan. Wannan magagin ciwo ne. Cikin awanni yake zuwa ko kwana ɗaya biyu, mutum ya kasa tsayar da hankalinsa wuri guda, ya rikita wuri da lokaci da fuskoki, har ya ga abin da babu. Da safe ya yi kamar ya warke, da yamma ya dawo. Kuma ba haka kawai yake zuwa ba, kullum akwai abin da ya taso shi a jiki."

Ta lissafa mana na Inna. Ruwan jikinta ya ƙone. Cuta ta shiga mafitsara ta haura har ta taɓa ƙoda. Maganin murar da muka ba ta irin wanda ke rikita tsofaffi ne. Ga aiki da aka yi mata, ga ido a rufe, ga rashin barci, ga ɗakin da ba ta sani ba. Ta ce ƙwaƙwalwar tsoho kamar tsohuwar katanga ce, tana tsaye lafiya har sai ruwa ya yi mata yawa. A wani zazzaɓi ne ke kawo shi, a wani sukari ya faɗi ko ya hau, a wani ciwon huhu ko fitsari ya ƙi fita. Shirun da ta yi kuma ba sauƙi ba ne, wani nau'in ciwon ne, kuma ya fi mai hayaniyar haɗari don mutane ɗauka suke an samu lafiya. Kawu ya sunkuyar da kai.

Sai ta ƙara da abin da ta ɗauka zai sanyaya mana rai. Ta ce, "Duk abin da ta faɗa a kwanakin nan kada ku riƙe shi. Ba ita ba ce, ciwo ne." Matata, wadda aka kira ɓarauniyar awaki, ta sauke ajiyar zuciya. Kawu ya ce madalla. Ni kaɗai maganar ta yi wa fashi.

Na bi ta baranda na ce, "Likita, duka?"

Ta ce, "Duka me, Baba?"

"Duk abin da ta faɗa ciwo ne?"

Ta ce, "Wani tsoro ne kawai ke ƙirƙiro shi. Wani kuma tsohon abu ne da ke ajiye, ruɗewar ta buɗe shi. Ni ba zan iya rarrabe maka ba." Na tambaye ta ko jinkirin da muka yi ya yi ɓarna. Ta ce ba za ta iya auna mini ba, amma ƙoda ba ta son jira.

Ta ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai mun taya ta dawowa. A kawo mata tabarmarta da carbinta, a buɗe taga ta riƙa bambance dare da rana, a bar fuskokin da ta sani kusa da ita. Kuma duk wanda ya shigo ya gaya mata inda take da ko shi wane ne, kada a biye wa ruɗewar. Wato kishiyar abin da na kwana biyu ina yi.

A rana ta biyu a asibiti ta buɗe ido ta ce, "Malam, ka gan shi?" Na riƙe ƙarfen gadon. Na ce, "Inna, ni ne. Mutumin Takur ne. Kina asibiti a Dutse, yau Litinin." Ta dube ni ba ta yarda ba. Na maimaita da azahar, na maimaita da la'asar, na maimaita washegari. Duk sanda na faɗa na san abin da nake rufewa da hannuna. Ranar Alhamis da safe na shigo na yi sallama, ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce wa Auta, "A ce wa mutumin Takur ya tafi aikinsa, ba a mutu ba." Auta ta fashe da kukan murna. Na fita na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Hankalinta ya dawo tsaf, kuma bai sake gushewa ba har ta koma ga Allah. Wannan nake so masu ta'aziyya su sani. Jikin ne bai dawo ba. Ta koma ƙauye da ƙafafu a kumbure, Auta ta tare a wurinta, muka yi ta zirga-zirgar asibiti wata huɗu. Kwanakin magagin kuwa ta ce ba ta tuna komai, sai dai kamar ta yi mugun mafarki.

Amma ƙauye ba ya riƙe magana. Wata Juma'a da gero ya fara fitar da kai na je gaishe ta, na tarar da ita kwance ta juya wa ƙofa baya. Bayan gaisuwa ta ce, "Auta, ki ce wa mutumin Takur an ce na yi abin kunya a gidansa. Ya yafe mini."

Na ce wa Auta ta ɗan ba mu wuri. Ta dube ni da mamaki, ta fita. Tun da nake ban taɓa neman keɓewa da Inna ba. Na matsa kusa da gadon na durƙusa.

Na ce, "Inna, ba ki yi mini komai ba. Ni ne mai neman gafara. An ce a kai ki asibiti tun ranar Juma'a, ni na hana, har kwana biyu. Na san ba ki da lafiya. Ina so ne in ƙara ji."

Ina jin awaki suna motsi a bayan ɗaki. Can ta ce wa bango, "Mutum ya yi furfura, wai bai san sunansa ba sai an gaya masa."



Ta ce, "An yafe." Ta ɗan numfasa. "Sau nawa aka faɗa?"

Na ce, "Da yawa, Inna."

"To, a riƙe da kyau. Ba za a ƙara ba."

Allah ya ji ƙanta, ya shayar da ita, ya haɗa ta da nata. Ta yi kwana goma sha biyu bayan wannan, na je sau huɗu, kuma ba ta ƙara ba.